Suna Ɗaya a Jikin Kofi

Malam Dogara bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. A Funtuwa, inda ya fito, in zai yi zancensa sai ya ce yaron nan. Da ya samar masa aikin gadi a Doha, yaron ya zo ya fara tsare wa ƙungiyar direbobi raga, sai abin ya zo masa da sauƙi, ya koma cewa golan nan. Haka ya tarar iyayensa suna yi wa ɗan fari, haka ya riƙe, ko da yake samarin da suke ɗaki ɗaya da shi a Wakra, kusa da Doha, suna masa dariya a kan hakan. Sunan yaron Ɗalhatu. Korona ta ɗauke shi a watan Yuni na 2020, yana da shekara ashirin da tara, ya bar mata da ɗa guda a gida.

Ranar da aka binne shi, shi kansa Dogara yana killace a wani ɗaki tare da direbobi bakwai da aka gwada aka samu suna da cutar. Bai wanke shi ba, bai sallace shi ba, bai zuba masa ƙasa ba. Abin da ya samu shi ne lambar kabari da aka turo masa a waya. Da aka sassauta kulle ya je maƙabartar, ya tarar da layin kaburbura iri ɗaya, kowanne da lamba, ya tsaya a kan wanda aka ce nasa ne ya yi addu'a ya dawo bakin aiki. Tun daga ranar abin da ke cin ransa shi ne a duk faɗin ƙasar da yaron ya yi shekara huɗu yana tsaye a ƙofofin mutane, babu wuri ɗaya da aka rubuta sunansa.

Gasar tasu ba wata babba ba ce. Ƙungiya shida ce ta masu jin Hausa: direbobin Wakra, masu gadi na Rayyan, 'yan Zango na Gana, ma'aikatan asibiti da ke haya a Sadd, da wasu biyu da kan watse su sake haɗuwa da sabon suna. Suna bugawa ranar Juma'a bayan la'asar, a watannin da zafi ya sauka, a wani fili mai tsakuwa bayan gidajen ma'aikata. Annoba ta tsayar da ita shekara biyu. A 2022, da garin ya cika da tutocin gasar cin kofin duniya, wani ɗan Kumasi mai suna Osman, wanda yake riƙe da littafin gasar, ya tayar da ita, aka samo sabon kofi, aka kuma yanke cewa za a yi yadda ake yi a gida: kofin zai ɗauki sunan mutum ɗaya, sunan kuma ba zai sake canjawa ba.

Suna biyu ne a bakin mutane, kuma duka 'yan ƙungiyar direbobi ne.

Na farko Ghali, ɗan Kano, wanda yake tuƙa tankar ruwa. Duk wanda ya ga Ghali da ƙwallo a ƙafa ya san Allah ya yi masa kyauta. Yakan yanke mutum uku a wurin da bai fi faɗin tabarma ba, ya ɗaga ƙwallo ta saman kan gola kamar yana miƙa wa yaro alewa. Larabawa kan tsayar da motoci a bakin titi su kalle shi. A kakar wasa uku ya ci ƙwallo sittin da ɗaya, kuma kusan kowace tana cikin wayar wani. Lokacin annoba kamfaninsu ya rage ma'aikata, aka mayar da shi gida, bai yi wata biyar ba babur ya kaɗe shi ya lalata masa gwiwa. Yanzu yana zaune a wani shagon cajin waya a Kurna.

Na biyu Ɗalhatu, kuma gaskiya ba gwani ba ne. Yana da nauyin jiki, ba ya iya fitowa ya kama bugun kwana, ƙafarsa ta hagu kuwa ta tafiya ce kawai. Akwai ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa tana tafiya a hankali, 'yan Rayyan suka yi wata guda suna kiransa Ƙofar Gari. Amma sau biyu direbobi suka kai wasan ƙarshe, a 2018 da 2019, sau biyun aka tashi kunnen doki aka je bugun fenareti, kuma sau biyun Ghali, wanda babu mai tare shi a ranakun da babu komai a kai, ya buga waje. A nan ne Ɗalhatu yake zama wani mutum. Ba ya tsalle-tsalle a kan layi, ba ya surutu. Sai ya tsaya ya zuba wa mai bugun ido kamar yadda yake kallon baƙon da ya zo ƙofa ba katin shiga. Shekarar farko ya kama biyu. Shekara ta biyu ya kama uku a jere, ta ƙarshen da yatsa a goce.

Babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan a waya. Al'adar direbobi ce in an zo fenareti kowa ya cusa wayarsa a aljihu, su juya wa raga baya, su ɗaga hannu suna addu'a, sai ihu ya gaya musu abin da ya faru. Waɗanda suka gani da ido su ne abokan hamayya, waɗanda ba su da dalilin ajiye hoton kunyarsu, da alƙalin wasa, da Dogara. Shi kuwa ba ya iya tsayawa cikin jama'a a gan shi yana wa ɗansa addu'a, don haka sai ya koma cikin bas ɗin da ya kawo 'yan wasa, ya zauna a kujerarsa ta direba kamar abin bai dame shi ba, yana kallo ta madubin gefe. A cikin madubi ya ga duka biyar ɗin. Da yaron ya shigo bas a shekara ta biyu, yatsa a kumbure, mutane na rera masa waƙa, abin da uban ya ce masa kawai shi ne ya koyi fitowa kwana. Yaron ya ce to, Baba. Wannan ce maganar ƙwallo ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu, domin kafin wata kakar ta zagayo an rufe fili.

Kwana biyu kafin taron zaɓen suna, Rahmatu, matar Dogara, ta kira shi daga Funtuwa. Ita ma ba ta kiran sunan. Ta ce ta ji daga bakin matar wani direba cewa za a sa wa kofi sunan yaron, ta riga ta gaya wa Wasilatu, matar da ya bari, kuma Wasilatu ta ce in an rubuta a turo hoto ta wanke ta rataye a ɗaki, don in ɗan ya fara karatu ya iya karanta sunan ubansa a jikin wani abu. Dogara ya ce ba a yanke ba tukuna. Ta ce ai yana wurin. Ya ce yana wurin.

Abin da ya yi na shiri bai wuce zuwa wurin Absalom ba. Absalom ɗan Pankshin ne, yana aikin gwajin jini a wani asibiti, kowa na kiransa Likita, kuma shi ne ya hura usur a wasannin ƙarshen nan biyu. Dogara ya same shi a Sadd lokacin cin abincin rana, suka yi hirar zafi, da cunkoson da ake jira, da sabbin hanyoyin da ake koya wa direbobi saboda baƙi. Da zai tashi ya tambaye shi ko zai samu zuwa taron Juma'a. Absalom ya ce zai zo. Bai roƙe shi komai ba, Absalom ma bai sa shi ya roƙa ba.

An yi taron da hantsi, a wata rumfar shayi kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. Mutum goma sha bakwai ne. Dogara ya bi fuskokin da kallo, ya ga ban da shi da Absalom babu wanda ya taɓa taka filin kafin annoba. Tsofaffin direbobin da suka ɗauki yaron a kafaɗa duk an sallame su, wasu suna Gusau, wasu suna Agadas, biyu suna ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan sabbin ɗauka ne da aka kwaso saboda gasar duniya. Ko Osman, wanda ya fi su daɗewa, a ƙarshen 2020 ya zo, ya gaji littafin ne daga wani ɗan'uwansa.

Osman ba mugu ba ne, kuma bai zo da son zuciya ba. Ya buɗe littafin ya karanta abin da ke ciki. Ghali, sittin da ɗaya. Ragar direbobi kuwa, a kaka ukun nan, ƙungiya ɗaya ce kawai aka fi zura wa ƙwallo. Ya ce in ba don Ghali yana cin uku duk lokacin da golansu ya bari aka ci biyu ba, da ba su ma ga wasan ƙarshe ba balle a yi zancen fenareti. Ya ce fenareti ai canke ne, ka faɗi dama ko hagu, wani lokaci ka dace. Ba za a ɗauki minti goma na mutum a rinjayar da shekara uku na wani ba. Samarin suka gyaɗa kai, wayar wani tana zagayawa hannu zuwa hannu, ana sake kallon ranar da Ghali ya zaunar da masu tsaron baya biyu a ƙasa.

Absalom ya ajiye kofin shayinsa ya yi magana, kuma ya yi ta da kyau. Ya ce shi ne yake tsaye taku biyar daga wurin, ya ga fuskar Ghali lokacin da yake ajiye ƙwallo, leɓensa ya bushe. Ya ce iya ƙwallo da shi ake haifar mutum, ba wanda ya yi wahalar samunsa, amma tsayawa a ranar da kowa ya juya baya saboda tsoro, wannan mutum shi ke gina wa kansa. Ya ce a aikinsu ma ya gani lokacin korona, waɗanda suka fi kowa takarda ba su ne suka tsaya a ɗakin masu numfashi da ƙyar ba. Ya ce kofuna biyun da direbobi ke taƙama da su hannun mutum ɗaya ne ya kawo su, kuma sau biyar ba a kiransa dace.

Wani saurayi daga Rayyan, mai suna Baballe, ya ce, "Likita, to nuna mana mana. Ko guda ɗaya."

Absalom ya ce babu.

"To ka ga, mu labari muke ji. Ni ma a garinmu na taɓa kama bakwai, sai dai ranar ba caji a wayar kowa."

Aka yi dariya. Ba dariyar ƙeta ba ce, ta waɗanda ba su san kan wa suke dariya ba ce, kuma da yawansu ba su ma san cewa mamacin ɗan dattijon da ke zaune a ƙarshen benci ne ba, tunda ba su taɓa jin ya ambace shi ba. Absalom ne ya gaya musu. Baballe ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa.

A nan Osman ya yi abin da yake ganin girmamawa ce. Ya rufe littafin, ya juyo ya ce, "Baba Dogara, kai ne babba a nan, kuma kai ka ga su biyun da idonka. Mu ba mu gani ba. Faɗi suna ɗaya, shi za mu rubuta, khalas, shi ke nan. Ba mai ja da kai."

Dogara ya san wannan wurin, ya zauna a irinsa sau da yawa a gida. In aka miƙa wa mutum hukunci a kan nasa, ba ya cewa a ba nawa. Sai ya yabi na wani, ya ture abin daga gabansa. Daga nan sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a'a, Malam ya yi mana kara, mu ma sai mu yi masa, a ba nasa. Kowa ya tashi da mutuncinsa, abin kuma ya je inda ya kamata. Haka aka ba shi limancin masallacin tasha a Funtuwa, bayan ya ce wane ya fi shi karatu. Shekara hamsin da huɗu bai taɓa ganin an yi kara ta faɗi ƙasa ba. Ban da haka, sunan da ake so ya faɗa suna ne da bai taɓa fita daga bakinsa ba, ga kuma yara goma sha biyar sun zuba masa ido.

Ya ce, "Ghali ya fi golan nan iya ƙwallo. Nesa ba kusa ba."

Ya tsaya yana jiran gyaran murya.

Absalom ya buɗe baki, amma shi ya riga ya faɗi tasa, kuma uban yaro ne da kansa ya yi magana bayansa. Samarin suka dubi Dogara da wani irin girma, Baballe har yana cewa wallahi irin dattawan nan sun ƙare, mutum ya ƙi ɗansa saboda gaskiya. Osman ya miƙo hannu biyu ya gaishe shi, ya buɗe littafi ya rubuta. Wani ya ce yalla, a tashi, lokacin masallaci ya yi. Cikin minti biyar benci ya zama babu kowa sai shi da Absalom da kofunan takarda.

Absalom ya ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce ai gaskiya ya faɗa. Absalom ya ce ba ita aka tambaye shi ba.

Kwana huɗu ya yi yana tuƙa bas babu fasinja, daga Wakra zuwa filayen wasa da dawowa, ana auna musu minti nawa hanya take ci. Yana ta gaya wa kansa cewa laifin yaran zamani ne da ba su san kara ba. Amma shi mutum ne da ba ya iya yi wa kansa ƙarya ta daɗe. Yaran ba su ɓoye masa komai ba, sun ce ya faɗi suna, kuma shi ya ga fuskokinsu tun kafin a fara, ya san babu dattijo a cikinsu. Ya zaɓi a ce yana da kunya. An kuwa ce.

Ranar Laraba da rana ya nemi Osman, aka ce yana kasuwar Wakra wurin mai zana suna a jikin ƙarfe. Ya same shi a wani ɗan shago, wani Ba'indiye yana goge farantin tagullar da za a manna wa kofin da tsumma. Dogara bai yi doguwar gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya zo ya janye maganarsa. Ya ce Ghali ya fi iya ƙwallo, wannan haka yake, amma wanda ya kamata a tuna daban ne. Osman ya tambaye shi wa yake nufi, ba don ya ƙure shi ba, don dai ya tabbatar.

"Ɗalhatu," in ji Dogara. "Ɗana Ɗalhatu."

Sunan ya fito masa kamar na baƙo. Ba'indiyen bai ko ɗago kai ba.

Osman ya ce faranti ba matsala ba ne, ana iya zana wani kafin magariba. Ya ciro wayarsa ya kunna masa wani saƙon murya. Ghali ne. Tun ranar Juma'a aka tura masa labari. Yana magana yana tsayawa, ana jin ƙarar janareto a bayansa. Yana cewa tun da ya dawo babu wanda ya yarda ya taɓa zama wani abu, yaran unguwa Gurgu suke ce masa, amma jiya ya nuna wa mahaifiyarsa saƙon ta yi ta kuka. Ya ce an gaya masa Baba Dogara ne da bakinsa ya zaɓe shi a kan ɗansa, shi kuwa ya san wanda ya rufa masa asiri sau biyu, bai san da wane baki zai gode ba. Ya ce a gaya wa Baba ya tayar da matacce.

"Baba, in ka ce in kira shi in ce an fasa, zan kira," in ji Osman. "Amma kai za ka riƙe wayar."

Dogara ya dubi farantin. An zana shi da Hausa da Larabci, rubutun ya fita tsaf. Ya yi tunanin shagon caji a Kurna da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Ya tambaya ko za a iya ƙara suna na biyu a ƙasa, ko da ƙanana ne haruffan. Osman ya ce taro ya yanke suna ɗaya, in aka buɗe wannan ƙofar 'yan Rayyan ma suna da mamacinsu, 'yan Zango suna da biyu, amma zai kawo maganar a taron baɗi. Dukansu sun san babu taron baɗi. Kwantiragin Osman zai ƙare a Janairu, na Dogara ma haka, na kusan duk wanda ya zauna a rumfar nan haka.

Dogara ya ce a bar shi yadda yake.

Rahmatu ta kira ranar da aka buɗe gasar duniya, yana cikin bas a layi tare da wasu ɗari, ana jiran a ba su hannu su fara kwasar baƙi. Ta ce Wasilatu tana ta tambayar hoto, har ta sayo firam.

Ya ce an sa sunan Ghali.

Ta tambaya wane ne ya tashi a gaban uban yaro ya ce a ba wani.

"Ni ne."

Ya ji numfashinta a wayar, da kukan akuya daga nesa, da muryar jikansa yana tambayar wa ake magana da shi. Bai yi mata bayanin kara ba, ta fi shi saninta, kuma ta san inda ake yinta. Da ta sake magana ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shi zai gaya wa Wasilatu, ita ba za ta iya ba. Ya ce to. Ta ce yau. Ya ce yau akwai aiki.

Wani mai riga mai ƙyalli ya buga gefen bas ɗin da tafin hannu, ya nuna masa gaba. Dogara ya kife wayar a kan cinyarsa ba tare da ya kashe ba, ya saki birki, ya matsa zuwa inda mutane suke tsaye da fenti a fuska suna rera sunan wani ɗan wasa.